Zuciyar rago a faranti

Yau da hantsi na dawo daga wurin mahauci a nan Jidda da kayan cikin rago, ina wankewa sai autata ta tsaya a kaina tana leƙe. Na ɗaga mata zuciyar na ce, "Kin ga zuciya." Ta yamutsa fuska ta ce, "Umma, ba ita ba ce." Ta ruga ta ɗauko wayata, ta nuna min jar alamar zuciyar nan da kakarta ke turo mana daga Kano kullum bayan Asuba. Na dubi ta hannuna, dunƙulen tsoka mai kitse a ka, jijiyoyi sun leƙo kamar bakin tiyo. Wallahi yarinya ta fi ni gaskiya, ko kusa ba su yi kama ba.

Alamar dai daga Turai ta zo mana. A ƙarni na 13 masu zane a Faransa suka fara nuna masoyi yana miƙa zuciyarsa, lokacin ma ta fi kama da ɗan goro. Kartar Faransawa ta ƙarni na 15 ce ta yaɗa siffar da muka sani. Wasu kuma suna jingina ta da ƙwayar silfiyam, tsiron da aka buga a sulallan wani tsohon birnin Girkawa a Libiya. Ni dai zancen karta ya fi kwanta min. Na soya zuciyar da albasa, auta ta ƙi ko taɓawa. Hajiya, kakar tata, ba ta iya rubutu ba, alamar nan ce kaɗai wasiƙarta gare mu, kuma yau kwana uku ban mayar mata ba.