Talata: Abin da Aka Ci da Abin da Aka Ƙiyasta

Yinin yau gaba ɗaya ya tafi ne a kan tambaya ɗaya game da manhajar lafiyar da muke ginawa, wadda za ta riƙa bin diddigin abincin mutum da motsa jikinsa: me ya kamata mu ajiye a rumbun bayanai, me kuma za mu bari a lissafa a duk lokacin da aka buƙata? Abokin aikina ya zo da tsarin da ya zana, inda kowace rana take da layi guda mai ɗauke da jimillar kalorin da aka ci da wanda aka ƙona. Tsarin yana da sauƙi, kuma allon waya zai buɗe da sauri, amma ban gamsu da shi ba, don haka muka shafe safiya muna tattaunawa.

Hujjata ita ce, idan mutum ya rubuta cewa ya ci giram 150 na dafaffiyar shinkafa da ƙarfe ɗaya na rana, labarin abin da ya faru ya ba mu, kuma wannan ba ya canzawa. Adadin kalorin da muke nuna masa kuwa lissafinmu ne, wanda ya dogara da teburin sinadaran abinci da muka ɗauko da ƙa'idar da muka bi. Har yau mafi yawan wannan lissafi yana tafiya ne a kan ma'aunin masanin kimiyya Wilbur Atwater na ƙarshen ƙarni na 19, wato kalori 4 ga kowane giram na furotin ko sitaci, da kalori 9 ga giram na kitse. Teburan da kansu ba a tsaye suke ba. FoodData Central na Ma'aikatar Noma ta Amurka, wanda aka buɗe a 2019, ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci, shi kuwa Open Food Facts, da aka fara a Faransa a 2012, masu sa kai ne ke cika shi, suna kuma gyara kurakuran juna. Idan jimilla kaɗai muka ajiye, ranar da aka gano cewa an saka adadin ɗanyar shinkafa a gurbin dafaffiya, alhali dafaffiyar ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na kalorin ɗanyar ba saboda ruwan da ta sha, ba mu da hanyar komawa mu gyara wa kowa tarihinsa.

Kafin rana ta yi tsaka mun daidaita cewa kowace shigarwa, wato duk abincin da mutum ya rubuta cewa ya ci, za ta ɗauki lambar abincin, da teburin da aka samo shi, da nauyinsa a giram, tare da kwafin adadin sinadaransa kamar yadda suke a ranar. Jimillar yini za ta zama abin da ake lissafawa daga waɗannan, a ajiye ta na wucin gadi domin sauri, a zubar da ita a sake lissafi duk sa'ad da wani abu ya canza.

Sashen motsa jiki ya fi ɗaukar mana lokaci, domin a nan bayanan ba daga hannun mutum suke zuwa ba, daga na'urori ne. HealthKit na Apple, wanda ya fito a 2014, da Health Connect, wanda ya shiga cikin tsarin Android 14, dukansu ma'ajiyar bayanan lafiya ce a cikin waya, suna karɓar bayanai daga manhajoji da na'urori daban-daban. Mutumin da ke ɗauke da waya a aljihu da agogo a hannu, takunsa guda na'ura biyu ce ke ƙirga shi, kuma duk manhajar da ta tara ɗanyen bayanan ba tare da duba tushensu ba za ta nuna masa ninkin tafiyar da ya yi. Saboda haka na dage cewa kowane awo ya zo da sunan tushensa da lokacin farawa da na gamawa, sannan a ware sashe guda a cikin manhajar wanda aikinsa kawai shi ne zaɓar tushen da za a fifita idan lokuta suka hau juna.

Abin da ya fi damuna a wannan sashe shi ne kalorin da aka ƙona. Ma'aunin MET, wanda ke kwatanta ƙarfin aiki da na zama ba motsi, yana ɗaukar cewa mutum a zaune yana ƙona kusan kalori 1 ga kowane kilo na nauyinsa a cikin awa ɗaya, don haka mai kilo 70 da ya yi rabin awa yana aikin da ke da MET 4, wato ninki huɗu na zama, za a rubuta masa kalori 140. Wannan matsakaici ne da aka samo daga mutane da yawa, ba awon jikinsa ba ne. Mai ciwon sukari ko mai ƙoƙarin rage ƙiba zai iya ƙara abincin darensa saboda wannan adadi, shi ya sa nake ganin wajibi ne tsarin ya bambanta awo da ƙiyasi tun daga rumbun bayanai, domin allon ya iya faɗa wa mutum gaskiyar wanne yake kallo.

Batun aiki ba tare da intanet ba bai jawo gardama ba. Za a fara rubuta komai a SQLite, wato ƙaramin rumbun bayanai, a cikin wayar, kowace shigarwa da lambar shaidar da wayar ta ƙirƙira da kanta, ta yadda ko an aika ta sau biyu zuwa saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai a intanet, ba za ta zama biyu ba. Mun kuma yarda a ajiye yankin lokaci tare da kowace shigarwa, domin kada abincin daren matafiyi ya faɗa cikin lissafin washegari.

Da yamma abokin aikina ya tayar da maganar da ban riga na warware ba. Na so a ce ba a goge shigarwa, sai dai a rubuta sabuwa ta maye gurbinta, domin wayar da sabar su riƙa daidaituwa da juna cikin sauƙi. Ya tuna mini cewa dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, ta sanya bayanan lafiya cikin rukuni na musamman a sashe na 9, ta kuma ba mutum haƙƙin neman a shafe bayanansa a sashe na 17. Gaskiyarsa ce, kuma ko da babu doka, wanda ya ba mu amanar nauyin jikinsa da abin da yake ci ya cancanci mu shafe su da gaske idan ya nema, har da kwafin da ke ma'ajiyar ko-ta-kwana. Hanyar da nake dubawa ita ce a kulle bayanan kowane mutum da mabuɗin sirri nasa shi kaɗai, ta yadda lalata mabuɗin zai mayar da dukkan kwafin abin da ba ya karantuwa. Gobe da safe zan gwada ta a kan bayanan gwaji, in auna irin jinkirin da za ta jawo wajen lissafin jimillar mako.