Tsige shugaba mai ci: amsar da na bai wa Kawu a Gadarif

Jiya bayan la'asar muna zaune wurin mai shayi a kasuwar Gadarif ta ƙasar Sudan sai Kawu ya rage muryar rediyonsa ya tambaye ni, "Ɗana, wai da gaske majalisa tana iya sauke shugaban ƙasa ba tare da soja sun fito daga bariki ba?" Tambayar ba ta ba ni mamaki ba, domin dattijon ya ga faɗuwar shugaban Sudan Numairi a 1985 da ta Umar al-Bashir a 2019, kuma dukkansu sojoji ne suka ƙarasa abin da masu zanga-zanga suka fara.

Na ce masa a takarda abin mai yiwuwa ne, na kuma buga misali da Najeriya, ƙasar kakanninmu. Sashe na 143 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa sai kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisar tarayya sun sa hannu a takardar tuhuma, sannan kashi biyu bisa uku na kowace majalisa su amince a yi bincike, Alƙalin Alƙalai ya naɗa kwamitin mutum bakwai, idan kuma laifin ya tabbata a sake kaɗa ƙuri'a da wannan rinjayen. Wato ana bukatar sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, har sau biyu. A ganina nan gizo ke saƙar, domin shugaban da jam'iyyarsa ke da rinjaye, naɗin muƙamai kuma ke hannunsa, da wuya ya rasa sanatoci 37 da za su tsaya masa. A 2002 majalisar wakilai ƙarƙashin Ghali Umar Na'Abba ta yi wa Obasanjo barazanar tsigewa, amma maganar ta shiririce.

Ko a Amurka majalisar dattawa ba ta taɓa sauke shugaba ba. Andrew Johnson ya tsira da ƙuri'a ɗaya a 1868. An dai sauke shugaba Dilma Rousseff a Brazil a 2016, bayan abokan ƙawancenta sun watse sun bar ta.

Kawu ya ajiye kofinsa ya ce ai ya tuna Balarabe Musa, gwamnan Kaduna da aka tsige a 1981. Na ce masa shi ma ɗin lissafin kujeru ne ya ci shi, domin ɗan jam'iyyar PRP ne, majalisar jihar kuwa tana hannun jam'iyyar NPN.