Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gilashin da Na Zaɓa

A makon jiya mun tsaya a ranar da na miƙa wa wata mai kifi takardar sidi hamsin a zaton ta biyar ce, matar ta biyo ni da gudu har bakin gada ta dawo mini da ita. Wannan kunyar ce ta sa na yarda a kai ni asibiti.

Shekara arba'in da 'yan kai sana'ata ɗaya ce a Elmina, garin masunta a ƙasar Ghana. Kafin kiran assalatu ina bakin tafkin Benya, inda kwale-kwale ke shigowa ta gefen tsohon ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482. In sayi kifi, in kai wa mata su yi banda, in ɗora a mota zuwa Kumasi da Tamale. Rana ta doki teku ta dawo maka cikin ido, da yamma kuma ka tsaya a hayaƙin banda kana ƙirga kwanduna. Likita ya ce tsufa ne babban dalilin yanar ido, amma rana da hayaƙi suna hanzarta ta.

Ranar Talata muka je, don ran nan masunta ba sa shiga teku, ba ni da asarar komai. Babban ɗana ya taso daga Ankara, babban birnin Ghana, ya raka ni.

Ni a zatona yana wata fata ce da ke rufe ido daga waje, a kankare ta a huta. Ashe a cikin idon akwai wata 'yar ƙwaya garau kamar gilashi, ita ce ke dusashewa. Fitar da ita ake yi, a dasa ta roba a gurbinta, wadda za ta zauna har ƙarshen rai. Sai na tuna kakana a zango, wanda wani mai magani ya soka wa allura ya tura yanar ciki. Ya ga haske na ɗan lokaci, daga baya idon ya mutu.

Bayan sun auna tsawon idon da na'ura, likita ya zana mini iri uku a takarda. Na farko yana gyara gani a tazara ɗaya kawai, galibi nesa, karatu kuma sai da tabarau. Na biyu yana raba haske, ka ga nesa ka ga kusa ba tabarau, amma da dare fitilu kan yi zobe-zobe, kuma a duhu-duhu gani ba ya fita tas. Na uku na masu karkataccen gaban ido ne, ya ce ni ba na cikinsu.

Ɗana bai bari likita ya rufe baki ba. "Baba, na biyun za a sa. Ni zan biya."

Na san abin da ke ransa. Yaro ya samu aiki, yana so a ce ya yi wa ubansa mai tsada, Allah ya yi masa albarka. Amma shi bai taɓa tsayawa a bakin ruwa da asuba ba, lokacin da kwale-kwale talatin ke tahowa kowanne da fitilarsa, kai kuma dole ka gane na mutanenka tun daga nesa, kafin matan Fanti su riga ka. Idan kowace fitila ta zama zobe, ai na sayi wahala da kuɗina.

Na ce, "Likita, wanne ne zai nuna mini tutar kwale-kwale kafin gari ya waye?" Ya yi dariya ya ɗora biro a kan na farko. Ɗana ya ce, "To Alƙur'ani fa, Baba?" Na ce malamina da tabarau ya karantar da ni, ban ji an ce ladansa ya ragu ba.

Muna zaune a benci yana ta fushi-fushi, sai ya karanto mini wani abu a waya. Wanda ya fara dasa irin wannan gilashi, Harold Ridley, a Landan ya yi shi a 1949, bayan ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idonsu, idon bai ƙi shi ba. Kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya zauna a ƙasar nan, har ya je arewa yana binciken makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa. Na ce ashe baƙonmu ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali sharuɗɗan bayan aiki ne: kada ruwa ya shiga idon, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba zuwa wurin hayaƙi, sallah ma a zaune na 'yan kwanaki. Ga shi watan Yuli ya kusa, lokacin da kifi ke cika gari. Uwargida da ta ji, cewa ta yi, "Alhaji, kifin teku ba zai ƙare don kai ba." Aka sa ranar aiki, Talata mai zuwa, idon dama. Yadda na kwana a daren jajibirin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.