Gidan Sirace da Miƙar Jiki: Yadda Muke Aikinmu

Da zarar hunturu ya sauka a Kano, aikinmu ya tashi ke nan. Fata ta bushe, kaushi da faso su kama ƙafa, ƙura ta toshe hanci, gaɓoɓi su riƙe, sai waya ta yi ta ƙara. Gidan da nake gudanarwa ƙarami ne, na mata zalla, kuma ba ma karɓar jama'a da yawa a zama ɗaya, domin idon da ke lura da wadda ke cikin tururi bai kamata ya rabu gida goma ba. Mace takan zo ta kwana biyu ko uku, ta ajiye waya, ta yi yoga da sassafe, ta shiga tururi da hantsi, ta ci abinci marar nauyi, sannan ta rama barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Tambayar farko da ake yi mini, musamman daga mazan da ke biya wa iyalinsu, ita ce ta yoga. Ba na ɓoye wa kowa cewa daga Indiya ta fito, kuma a can mutane da yawa sun haɗa ta da ibadarsu. Yanzu ta bazu duniya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni tun shekarar 2014. Abin da muka ɗauka a cikinta shi ne miƙar jiki da sarrafa numfashi. Babu waƙen ibada, babu gunki, babu sunkuya wa rana. Sai an yi sallar asuba an gama azkar muke shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. A durƙusa bisa gwiwa da tafin hannu, a gantsare baya sannan a ƙudundune shi a hankali. A zauna a murɗa ƙugu dama da hagu. A kwanta rigingine a jingina ƙafafu da bango. A shaƙi iska ana ƙirga huɗu, a sake ta ana ƙirga shida. Malamar makaranta da ke yini a tsaye, da 'yar kasuwar da ke yini a zaune, da uwar da goyo ya karya wa baya, duk a nan suke fara jin inda ciwonsu yake.

Yoga ake fara yi, tururi ya biyo baya, kuma ba na yarda a juya wannan tsari. Zafi yana sassauta jiki har ya rufe gargaɗin ciwo, sai mace ta miƙe fiye da ƙarfin jijiyoyinta ba ta sani ba, washegari ta kasa tashi. Wuraren da suka kwaikwaye mu suna juya shi saboda hoton mace mai sheƙi da gumi ya fi kyau a Instagram.

Ɗakin tururinmu irin hammam ɗin Maroko ne, wato gidan wankan tururi na jama'a. Sarin kaftani ne ya fara kai ni Marrakesh, kuma a hammam ɗin unguwa, wanda matan gari ke zuwa da bokitinsu, na sadu da wata tsohuwa mai cuɗa da ta zama malamata. Ba ta jin Hausa, Larabcina kuma na Islamiyya ne, don haka da hannu ta koya mini. Takan kama wuyan hannuna ta ɗora a bayan mace ta danna, in ji iyakar nauyin da fata ke ɗauka. A wurinta na san cewa ɗakuna uku ne, mai ɗumi da mai zafi da na hutawa, kuma ba a tsallake ko ɗaya. A fara zama a mai ɗumi har gumi ya tsattsafo. A shafa baƙin sabulun da ake yi da zaitun, wanda suke kira baldi, a bar shi ya zauna kamar minti goma, a wanke shi tas, domin safar cuɗa ba ta kama fata mai santsi. Daga nan a sa safar, a riƙa ja da tsawo, ana sassautawa a wuya da ƙirji, har matacciyar fata ta riƙa murzuwa tana zuba. A biyo da gasul, yumɓun da ake haƙowa a yankin tsaunukan Atlas, wanda muke kwaɓawa da ruwan wardi. Man argan shi ne na ƙarshe, a ɗakin hutawa.

Har mai hura wutar hammam na je na zauna wurinsa. Da dusar katako yake ciyar da wutar, kuma a cikin tokar nan mazan Marrakesh ke binne tukunyar namansu ta tanjiya ta yini tana dahuwa. Shi ya nuna mini cewa zafin kirki daga ƙasa da bango yake tasowa, a hankali. Da na zo gina nawa, na sa magini ya yi rufin a lanƙwashe, kamar daurin guga na tsofaffin sorayenmu, don raɓar tururi ta bi bango ta gangara maimakon ta riƙa ɗiga a kan mutum da zafinta. Zafin ɗakin ba ya wuce digiri 45. Da jin lambar za a ce kaɗan ne, tunda sauna, ɗakin gumi na mutanen Finland, tana kai 80 zuwa 100, amma tasu busasshiyar iska ce. A ɗakin da ya cika da danshi gumi ba ya bushewa, jiki ba ya samun hanyar huce kansa, shi ya sa minti 15 ya isa a fito a sha ruwa.

Ban bar namu na gida ba. A tukunyar tururin muna zuba ganyen darbejiya da na lemun tsami, da na'a-na'a da kanumfari, irin siracen da iyayenmu ke lulluɓa mana bargo a kai idan mura ta kama mu. Dukhan, wato turara jiki da hayaƙin ice a kan rami, da dilka kuwa a Maiduguri na koya, wurin gwaggona, tun ina budurwa. Ita ce ta fara zaunar da ni gaban rami ta ce in koyi wuta kafin in taɓa jikin kowa. Ana son garwashi ya kwanta, icen ya riƙa hayaƙi ba tare da ya kama da harshen wuta ba. Icen ɗalha da darot ake so, irin wanda matan Sudan da Chadi ke amfani da shi, kuma dilkar gaskiya kwaɓin garin dawa ne da mahalab da kanumfari da sandal, a turara shi da hayaƙi kwana da kwanaki. Gwaggo takan gane ice da ƙamshinsa tun yana cikin buhu, Allah Ya jiƙanta.

A nan ne ɓacin raina yake. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 icen kirki ya yi mana wuya, sai wasu dillalai suka koma cakuɗa shi da kowane irin ice, su fesa turare a saman buhu. Kin biya kuɗin ɗalha, kin sa a wuta, sai hayaƙi mai yaji ya tashi ya sa mace tari. Yanzu ba na karɓar buhu sai na zazzage shi ƙasa, na ƙona guntu daga tsakiya. Haka sabulu: an kawo mini wanda aka rina da baƙin launi, yana kumfa kamar omo, alhali baldi na gaske da ƙyar yake kumfa. Mafi muni su ne masu zuba man bilicin a dilka don amarya ta yi fari cikin mako guda. Sai fata ta ƙone, ta yi dabbare-dabbare, sannan a kawo mana mu gyara. Mu ba ma sauya wa kowa launin da Allah Ya ba ta. Datti da matacciyar fata muke cirewa.

Akwai waɗanda ba na bari su shiga tururi ko nawa za su biya: mai ciki, mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai farfaɗiya, da wadda ke azumi. Muna auna jinin kowa a ranar da ta iso. Mai jego ma sai ta zo da izinin likita. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa, suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Wata uwar miji ta taɓa yi mini faɗa sosai da na hana surukarta mai jego shiga, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ki bar ta ta warke tukuna, gidan nan ba ya gudu." Bayan wata biyu ita da kanta ta dawo da surukar tata.

Masu ciniki kuma ba sa ƙarewa. "Anti, ai a can unguwarmu rabin wannan ake yi." Gaskiya ne, ana yi, a cikin tantin leda da tukunyar lantarki, babu mai auna jini, safar cuɗa ɗaya ta zagaye mata biyar. A wurinmu kowace mace da sabuwar safarta, kuma da ita take tafiya gida. Yarinyar da za ta cuɗa ki sai ta yi watanni tana hura wuta da wanke ɗaki da kallon hannuna kafin in bar ta ta taɓa baƙuwa, kuma a jikina take fara gwadawa.

Wadda ke son zuwa a hunturun bana ta yi magana da wuri, don wurin ba shi da yawa. Ta taho da sakakkun kaya na auduga da silifas, kada ta yi aski ko halawa kwana biyu kafin ranar, kuma in tana shan wani magani ta zo da shi mu gani.