Ƙirga goma a Argungu

Laraba, bayan Isha'i.

Muryata ta dushe, kuma laifina ne. Yau ce rana ta biyu ta bitar sabbin shugabannin ƙungiyoyin manoman shinkafa, kuma yau ne Hajiya, wadda nake koyon aikin bita a hannunta, ta sakar mini ɗakin ni kaɗai, ta koma can baya kusa da taga da ɗan littafinta. Mutum 24 ne, shida mata, wasu daga Augie, wasu daga Gulma, sauran 'yan gari. Sun iso cikin hazo, kowa ya naɗe kunne da rawani ko mayafi.

Tun kafin a yi addu'ar buɗewa aka ɗauke wuta, majigin da na kwana ina shirya wa hotuna ya zama kayan ado. Sai tsohon hali ya motsa. Shekara shida na yi ina koyarwa a firamare, hannuna na taɓa alli bakina ke buɗewa. Na yi ta zuba a kan siffofin shugaba nagari. In na ce "Kun gane?" sai a amsa "Mun gane" baki ɗaya, kamar 'yan aji uku.

Da na tambayi babbar matsalar noman rani a bana, Sarkin Noma ne ya fara, ya ce taki. Na juya ga na kusa da shi, ya ce, "Abin da Baba yac ce, shi munka ce." Haka har ƙarshen benci. Matan ko kai ba su ɗaga ba.

Lokacin shan shayi na zaci faɗa zan sha. Hajiya ta miƙo mini ƙosai ta ce, "Ƙanena, a cikin awa ɗayan nan wa ya fi kowa magana?" Na yi shiru. Ta ce, "To, shirun nan da ka yi yanzu, shi nake so ka ba su." Ta ba ni labarin wata malama a Amurka, Mary Budd Rowe, da ta yi nazarin azuzuwa wajen 1972, ta gano yawancin malamai ba sa jira fiye da daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma in suka jira daƙiƙa uku amsoshin kan ƙara tsawo, har masu jin nauyin magana su sa baki. Ta ce mu nan, da kunya da kara, in ƙirga goma a zuci. Batun Baba kuwa, ba a hana dattijo magana, girma ake ƙara masa.

Da muka koma na rusuna na ce, "Baba, ku ne za ku rufe mana, bayan yara sun gama shirmensu." Ya yi murmushi ya gyara zama. Muka fita baranda, na zana abubuwa biyar a ƙasa da gawayi: buhun taki, jarkar fetur, tsuntsu jan-baki, ambaliya, da damin kuɗi a madadin bashi. Kowa na ba shi ƙwayar masara biyar ya zuba inda ya fi yi masa ciwo. Mata suka fara, maza na ciki. Jarkar fetur ce ta tashi da tsibi mafi girma, nesa ba kusa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, injin ban ruwa ke cinye ribar fadama, kowa ya sani, amma da safe ba wanda ya furta. Baba ya daɗe yana kallon tsibin, ya ce shi ma biyu daga cikin nasa can ya zuba.

Wani abu ya ba ni kunya. Na zaɓi zane ne don na ɗauka rabinsu ba sa rubutu. Da na raba katuna sai ga su suna dawowa cike da ajami, tsaf, ni ne na koma ina haɗa baƙi da ƙyar.

Bayan Azahar muka shiga koyon yadda shugaba zai taimaki wani ya warware matsalarsa da kansa. Uku-uku muka zauna: mai matsala, mai tambaya, mai lura. Tsarin da Turawa ke kira GROW muka bi, wanda John Whitmore ya yaɗa, amma da Hausa na jera shi: me kake so, ina kake yanzu, waɗanne hanyoyi ke gabanka, wacce za ka bi kuma yaushe. Doka ɗaya ce, mai tambaya ba ya ba da shawara. Wallahi ba wanda ya kai minti biyu bai karya ta ba. Mu mutane ne masu "da ni ne kai".

Rukunin da ya tsaya mini a rai na wani saurayi ne da aka zaɓa shugaba watan jiya. Kawunsa ya ƙi biyan kuɗin ƙungiya, sauran kuma sun ce sai ya biya za su biya. Amsa na kan harshena: a rubuta doka, a sa tara. Mai tambayarsa wata Inna ce mai turara shinkafa. Ta dube shi ta ce, "Ɗana, shi kawun naka, wa yaka jin kunya?" Yaron ya sunkuyar da kai. Na fara ƙirga. A biyar ƙafata ta fara rawa. A takwas ya ɗago ya ce mahaifiyarsa, ita ce yayar kawun, ita ta goye shi. Ya ce Juma'a zai je wurinta bayan an sauko.

An ɗan yi guna-guni kan kuɗin mota, aka sasanta. Hajiya ta nuna mini shafinta: da safe na yi magana minti 41 cikin 60, da yamma 17.

Na fito in ɗauki hoton tsibin masarar don rahoto, na tarar kajin maigadi sun cinye ƙuri'un tas, saura zanen gawayi. Gobe tsakuwa zan ɗebo.