Asabar: na haɗu da Malaminmu na Fiziks

Ɗaurin auren ƙanen wani abokina ne ya kai ni Tudun Wada yau da safe. Ana shafa fatiha na hango wani dattijo yana lalubar takalminsa a bakin masallaci. Tafiyar kawai na gani na shaida shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Yaro, ɗan wace shekara ne kai?" Na ce, "Malam, 'yan ajin husufi ne." Sai ya yi dariya har da riƙe kafaɗata.

Ranar Laraba ce, 29 ga Maris, 2006, ƙarshen watan Safar, kuma Gusau na kan layin da rana za ta rufe ruf. Tun ana saura mako biyu Malam ya ajiye manhaja gefe. Ya zo da lemo da ƙwallo da tocila, ya sa aka rufe tagogi, ya nuna mana yadda wata ke shiga tsakaninmu da rana. Ya ce rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa yake iya rufe ta daidai wa daida. Wani ya ce ai iyayenmu sun ce fushin Allah ne. Malam bai tsawata masa ba. Cewa ya yi aya ce daga ayoyin Allah, za mu yi sallar husufi, za mu kuma san lissafinta, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Da hantsin ranar ya hana kowa ɗaga kai. Ya raba mana kwalaye da ya huda da allura, ya ce mu dubi ƙasa. A ƙarƙashin darbejiya duk ɗigon hasken da ya ratso ganye ya koma kamar jinjirin wata, ɗaruruwa a kan yashi. Daga nan duhu ya sauko, iska ta yi sanyi, aka ɗauki kabbara daga cikin gari. Minti uku da wani abu ne, amma ni dai ban taɓa ganin darasi irin wannan ba. Malaman da ke karanto mana rubutu mu kwafa, wallahi ko sunan wasunsu ya ɓace mini.

Ya yi ritaya, idanu sun yi rauni, har yanzu kuma yana koya wa yaran unguwa lissafi a zaurensa kyauta.

Bayan isha'i na ɗauko lemo da fitilar waya na gwada wa Ummi. Ta ce, "Baba, to me ya sa ba a yin husufi kowane wata?" Na karkata hannuna kaɗan yadda Malam ya yi, na ce hanyar wata a karkace take da kusan digiri 5, yawanci inuwarsa kan wuce ta sama ko ta ƙasa. Ta ce ba ta yarda ba, sai na sake gobe da ƙwallo.