Wayar gaggawa da wayar soket ba sa kwana a fayif ɗaya

Ƙannena masu koyon wayarin, bari in gaya muku abin da ya same ni, don har yanzu ina ganin yara suna yin irinsa a sayit.

Lokacin ban daɗe da fita daga hannun ogana ba na samu aikin wani masaukin baƙi mai hawa biyu, mai ginin ya ce yana so fitilun matakala da na koridor da alamar ƙofar fita su zauna a kan inbata, ko NEPA sun ɗauke kada wajen ya yi duhu. To fayif, wato bututun da ake zura waya a cikinsa, ya ƙare mini, magini kuma yana tsaye a kaina zai yi filasta, sai na ce ai waya waya ce, na zura wayar inbatar cikin fayif ɗaya da wayar soket na esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, har bokis ɗaya na haɗa su. Aiki ya yi kyau, aka biya ni.

Bayan 'yan watanni wani joyin da ban ɗaure da kyau ba a layin esi ya riƙa ɗaukar zafi a hankali har robar ta narke, ta narkar da ta kusa da ita, wato wayar fitilun gaggawa. Cikin dare abin ya yi shot, bireka ta faɗi, inbata ma ta kashe kanta, hayaƙi ya cika koridor kuma matakala duhu ƙirin, mutane na lalube da fitilar waya. Allah ya tsare ba wanda ya rasa rai, amma wata baiwar Allah ta gurɗe a ƙafa. Da safe da na buɗe bokis ɗin wayoyin sun manne sun zama dunƙule ɗaya baƙi, warin robar nan wallahi har yau ina jinsa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne fitilar gaggawa an yi ta ne saboda ranar da layin gida zai lalace, in kuwa hanyarsu ɗaya to abin da ya ci wannan shi zai ci waccan. Dokar wayarin ta Ingila da muke bi a nan, BS 7671, a sashe na 560 ta ce layukan kare rai su zauna daban da sauran layuka. Ta Amurka, NEC, a 700.10 ta fi ma fito da shi fili: fayif daban, bokis daban, fanel daban, sai a wurare ƙalilan irin cikin akwatin canjoba ko cikin fitilar da ke shan wuta daga ɓangare biyu, kuma dole a sa wa bokis ɗin alama mai ɗorewa yadda kowa zai gane na gaggawa ne.

Wannan alamar kada ku raina ta. Yaro zai kashe men suwic ya ɗauka babu wuta, ya sa hannu a bokis, alhali wayar inbata na nan da ranta. Haka aron nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, daga layin gida, shi ma ku bar shi, kowane layi ya tafi da nasa.

In tirankin ne, wato kwaroro mai murfi da ake jera waya a ciki a jikin bango, ku nemi mai ɗaki-ɗaki a ciki, in da hali ku sa waya mai jure wuta irin FP200 a layin gobara da fitilun fita. Mai gini zai ce kuɗi sun yi yawa, ku zaunar da shi tun kafin a yi filasta ku nuna masa a takarda. Ni sai da na fasa bangon koridor gaba ɗaya na sake binne fayif, kuma kuɗin siminti da na magini daga aljihuna suka fita.